Hoto na huɗu: yadda gida ɗaya a Kano ya rabu kan hasken na'urar asibiti

Ni ma'aikacin ɗakin hoto ne a wani asibiti a nan Kano. Ba likita ba ne, duk da a unguwa haka ake kirana. Aikina in kwantar da mutum a gaban na'ura, in saita, in ɗauka, in miƙa wa likitan da zai karanta. Lamarin da zan kawo a gidan maƙwabcina ya faru, kuma da yardarsa nake rubutawa. Ba zan faɗi sunansa ba, ko na asibitocin da ya bi. Alhaji kawai zan kira shi.

Alhaji ɗan Kantin Kwari ne, atamfa da shadda yake sayarwa, shekarunsa 46. Tsakuwar ƙoda ke damunsa. Duk wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu, ya kuma san yadda ɗan kasuwa ke yini a rumfa yana ƙin shan ruwa don gudun yawan zagayawa, ba zai yi mamaki ba. Ciwon kan kama shi a kwiɓi ya gangaro mara, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Cikin wata 14 an yi masa siti sikan na ciki, wato hoton da na'ura ke ɗauka tana zagaya jikin mutum, sau uku, a wurare uku daban. Na farko ya zama dole, da shi aka gano tsakuwar da girmanta da inda ta tsaya. Na biyu ciwon ne ya taso cikin dare aka garzaya da shi asibitin kuɗi mafi kusa, ba wanda ya tambaye shi ko an taɓa yi masa, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Na uku kuwa wani likita ne ya ce hotunan baya sun tsufa, alhali bai gan su ba. Faya-fayan uku duk suna aljihun gaban motar Alhaji, tare da rasit ɗin mai da tsohon carbi. Sai ga takardar na huɗu.

'Yarsa ta fari, wadda ke karatun aikin jinya, ita ta ƙi yarda. Ƙaninsa, malamin fiziks a wata sakandare, ya ce a yi, har ma ya ce alheri ne. Da gardama ta yi tsanani sai aka aiko yaro ya kira ni bayan isha'i.

Kafin kowa ya buɗe baki na ce a ɗauko faya-fayan daga mota. Kowace na'urar siti tana barin shafi ɗaya a ƙarshen hotunan, inda take rubuta yawan hasken da ta fitar. Wannan haske mai ratsa jiki shi muke kira radiyeshon a wurin aiki, kuma abin da jiki ya sha daga gare shi ana auna shi da milisibat. Na buɗe su a kwamfutar yarinyar, na yi lissafi a bayan takardar asibitin. Kowane hoto ya kama tsakanin milisibat 8 zuwa 10, wanda shi ne abin da aka saba gani a siti na ciki. Jimla, wajen 27.

Lambar ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai, sai an jera ta da wata. Ko mutum bai taɓa taka asibiti ba, yana shan wannan haske kullum daga ƙasa da duwatsu da bangon ɗakinsa, daga sararin sama, har daga abincin da yake ci. Matsakaicin abin da ɗan Adam ke sha a duniya a shekara wajen milisibat 2.4 ne, kusan rabinsa daga wata iska mai suna radon da ke tasowa daga ƙasa. Hoton ƙirji na yau da kullum bai wuce 0.1 ba. Siti na kai wajen 2. Mu ma'aikata, ƙa'idar duniya ta sa mana iyakar 20 a shekara idan aka raba a kan shekara biyar, shi ya sa muke maƙala ɗan bajon awo a ƙirji, muke kuma sa rigar dalma ko mu laɓe bayan bango. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, ce ke sa ido kan wannan. Marar lafiya shi ba a sa masa iyaka, domin ana ɗauka duk hoton da aka yi masa akwai dalili. To Alhaji ya sha a wata 14 abin da zai sha a fiye da shekara goma yana zaune a rumfarsa.

Hajiya daga bakin ƙofa ta tambaya ko sikanin da aka yi ta yi mata lokacin goyon ciki yana cikin lissafin, da kuma eriyar waya da ke bayan layinmu. Na ce a'a. Sikanin da sauti yake aiki, eriya kuma irin nata hasken ba shi da ƙarfin da zai tsinka ƙwayar halitta. Muka wuce wurin.

Malam ya zo da shirinsa, kuma ba shirme ya kawo ba. "Yaya," ya ce, "tsoron nan gadon bam ɗin nukiliya ne kawai. Jiki kamar ɗalibi yake, in ba ka ba shi jarrabawa ba ba zai yi karatu ba. Rigakafi ma ai ciwon ake ɗan sa maka." Abin da yake nufi shi ne ra'ayin da ake kira homesis, wanda wani masani Ba'amurke, Thomas Luckey, ya yi wa littafi a 1980, kuma Edward Calabrese na Jami'ar Massachusetts ya daɗe yana kare shi. Ra'ayin yana cewa ɗan haske kaɗan yana farkar da masu gyaran ƙwayoyin halitta a jiki, su gyara ɓarnar da ya yi har su haɗa da wadda suka tarar. Malam ya kawo garin Ramsar na Iran, inda wasu gidaje ke shan abin da ya kai milisibat 260 a shekara daga ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ya kawo gaɓar tekun Kerala a Indiya mai baƙin yashi, inda aka bi dubban mutane shekaru ba a ga ciwon daji ya ƙaru a fili ba. Ya ce ko a nan kusa, tulin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a Jos yana da irin wannan yashin, kuma Jos ba ta zama kufai ba. Ya rufe da labarin Taiwan, inda a farkon shekarun 1980 aka gina gidaje da rodin da ya gurɓata da kobal mai fitar da haske, mutane suka zauna ciki shekaru ba su sani ba, wani rahoto kuma ya fito yana cewa ciwon daji ya ma ragu a cikinsu.

Yarinyar ta bari ya gama, sannan ta ce, "Baffa, ka gafarce ni, amma haka aka taɓa cewa game da radiyom." Ta san labarin daga aji. A Amurka a shekarun 1920 an sayar da ruwan radiyom, wani sinadari mai fitar da wannan haske, a kwalba da sunan Radithor, wai maganin ƙarfin jiki. Wani attajiri, Eben Byers, ya sha kwalabe sun fi dubu, muƙamuƙinsa ya ruɓe, ya mutu a 1932. 'Yan matan da ke shafa fentin radiyom a fuskar agogo, suna lasar bakin burushi don ya yi tsini, su ma haka suka ƙare. Ta kawo Alice Stewart, likitar Ingila da ta nuna a 1956 cewa yaran da aka yi wa uwayensu hoton ciki suna ɗauke da su sun fi kamuwa da ciwon daji. A wurinta magana ta ƙare: kada a sake sa mahaifinta a cikin na'urar nan, ko wani nata, har abada.

Na fi daɗewa a kan maganar Malam, domin ita ce mai daɗin ji, kuma ita ce ke yawo a WhatsApp. Akwai gaskiya a cikinta. Tun 1984 aka nuna a ɗakin gwaji cewa ƙwayoyin jinin da aka fara ba ɗan haske kaɗan sun fi jure babban haske daga baya. Jiki yana gyara, ba mai musun wannan. Amma ƙwayar jini a faranti daban, mutum mai shekara 46 da za a bi har tsufansa daban. Ramsar kuwa, mutanen da ke zaune a unguwannin masu tsananin hasken ba su da yawan da za a gina hukunci a kansu. Rahoton Taiwan ya yi kuskuren da ko ɗalibin Malam zai gane in an nuna masa: mazauna gidajen yawancinsu yara ne da matasa, aka gwada su da al'ummar ƙasa baki ɗaya har da tsofaffi, alhali ciwon daji ya fi bin tsufa. Da wasu masu binciken suka sake lissafin suna la'akari da shekaru, raguwar da aka yi ta yayatawa ba ta tsaya yadda aka faɗe ta ba, sai ma alamar ƙaruwar wasu nau'o'in ciwon, kamar sankarar jini, ta bayyana.

Misalin rigakafi ma bai zauna ba. Na ce masa, "Malam, ba komai ne kaɗan ɗinsa ke zama magani ba. Ka tuna Zamfara a 2010." Gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan can, kuma har yau ba a san wani ɗan adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa ba. Gishiri kaɗan gyaran miya ne, dalma kaɗan ba ta gyara komai. Ko radiyeshon ɗan gidan gishiri ne ko ɗan gidan dalma, misali ba zai raba wannan gardama ba, sai ƙidaya.

Ƙidayar kuma ita ce mai wuya. Mafi yawan abin da aka sani ya fito ne daga waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki na Agustan 1945. Tun 1950 ake bin mutum wajen 120,000 daga garuruwan biyu, ana rubuta ciwon kowa da ajalinsa. Daga wajen milisibat 100 zuwa sama, abin a fili yake: haske na ƙaruwa, ciwon daji na ƙaruwa. Ƙasa da haka ne ido ke gazawa. Kwamitin masana na Amurka da ya fitar da rahoton BEIR na bakwai ya kwatanta shi da mutum 100: wajen 42 za su gamu da ciwon daji a rayuwarsu ta wasu dalilai, milisibat 100 kuma zai ƙara mutum ɗaya. To in an sauko zuwa 10, ana neman mutum ɗaya ne a cikin dubu, a tsakiyar ɗari huɗu da wani abu da za su kamu ko da ba haske. Na ce wa Alhaji kamar a ɗora tirelar masara daga Dawanau a sikeli ne, a ce ka gane ko an ƙara tiya ɗaya. Tiyar tana iya kasancewa a ciki, tana iya rashin kasancewa, sikelin ba zai nuna ba.

Shi ya sa hukumomin kariya suka ɗauki hanyar taka-tsantsan. Suka ja miƙaƙƙen layi daga inda ake gani zuwa sifili, suka ce a ɗauka kowane ɗan haske yana da ɗan haɗari gwargwadonsa. Tushen wannan tunani yana komawa ga Hermann Muller, wanda ya nuna a 1927 cewa hasken hoto yana sauya ƙwayoyin gado a jikin ƙananan ƙudaje. Ba kowa ya yarda da layin ba. A 2005 cibiyoyin kimiyya da na likitanci na Faransa sun fitar da rahoto suna cewa layin yana zuzuta haɗarin ɗan haske kaɗan. Amma a 2021 hukumar nukiliya ta Amurka ta ƙi amincewa da buƙatar da aka shigar ta a jingine shi. Kuma binciken da suka fito a 'yan shekarun nan sun fi karkata ga taka-tsantsan ɗin. Wanda ake kira INWORKS ya bi ma'aikatan nukiliya sama da 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka, mutanen da ke shan haske kaɗan-kaɗan tsawon shekaru, ya ga mutuwa ta ciwon daji tana ɗan hawa yadda abin da suka tara ke hawa. In da homesis na aiki a jikin mutane yadda Malam ke fata, a nan ya kamata a gan shi.

Ra'ayina, na kuma faɗa musu a daren: ban ga hujjar da za ta sa in ce wa mutum ya shiga na'ura don ya ƙara lafiya ba. Wanda ya faɗi haka ya wuce abin da aka sani. Amma ita ma yarinyar ta ɗauko ma'aunin Byers ta ɗora wa mahaifinta, alhali tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Ko da lissafin masu taka-tsantsan, wanda ke sa haɗarin mutuwa ta ciwon daji a wajen kashi 5 cikin 100 ga kowane milisibat 1,000, hotunan Alhaji uku sun ƙara masa haɗarin da bai kai biyu cikin dubu ba. Abu ne da ya isa a kula, bai isa a hana ido barci ba.

Alhaji, wanda tun farko bai ce uffan ba, sai ya ce, "To likita, in yi ko kada in yi?" A nan na ga cewa awa biyu muka yi muna amsa tambayar da ba ita ce tasa ba. Ko Malam ne da gaskiya ko 'yarsa, abin da za a tambaya game da hoto na huɗu guda ne: me zai nuna wanda ukun farko ba su nuna ba, kuma in ya nuna, zai sauya maganin da za a yi? Wannan ba ni zan amsa ba. Na ce ya koma wurin likitan mafitsara da faya-fayan uku a hannunsa, ya ajiye su a teburinsa kafin ya zauna.

Haka ya yi. Likitan ya buɗe su, ya ga tsakuwar irin mai fitowa a hoton yau da kullum ce, ya soke siti ɗin. Aka yi sikanin mai aiki da sauti don a duba ko ƙodar ta kumbura, aka yi hoton ciki guda mai ƙaramin haske don a ga inda tsakuwar ta gangaro. Kuɗin da Alhaji ya kashe bai kai rabin na siti ba. Abin da ya ci mini rai shi ne, hoto na biyu da na uku ma wataƙila da haka za su ƙare in da wani ya yi tambaya ɗaya. Mu ma a ɗakin hoto muna da laifi a irin wannan. Takarda ta zo, layi ya yi tsawo, wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci, sai ka ɗauka kawai ba ka ce wa mutum "an taɓa yi maka?" ba. Na sha yin haka, kuma tun daga lamarin Alhaji nake ƙoƙarin dainawa.

Da a nan abin ya tsaya, da yarinyar ta tafi da yaƙinin ita ta ci gardama. Bayan kamar wata biyu, ƙaninta ɗan shekara bakwai yana tsallaka titi daga Islamiyya, adaidaita sahu ta buge shi, kansa ya daki bakin kwalta. Ya tashi da kansa, har ya yi kuka ya yi shiru. Bayan magariba ya fara amai, sau uku, sannan ya soma lumshe ido ana magana ba ya amsawa sosai. A asibiti likita ya rubuta siti na kai, cikin gaggawa. Alhaji yana Legas ɗauko kaya. Yarinyar ta tsaya a bakin ɗakin hoto da takardar a hannu ta ƙi miƙawa, Hajiya kuma ta bi bayanta. Ta kira ni a waya muryarta na rawa: "Baba, kai ka ce yara sun fi manya haɗari."

Na faɗa, kuma gaskiya ne. Jikin yaro yana girma, ƙwayoyinsa na rabuwa da sauri, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da ciwo zai iya fitowa. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2012, kan yara da matasa kusan 180,000 a Birtaniya, ya ga ƙaruwar sankarar jini da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa a cikin waɗanda suka tara hotunan siti. Amma shi wannan binciken ya faɗi girman abin: a cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara goma da aka yi wa siti na kai, ana sa ran ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekara goma. A ɗaya hannun kuma ga yaro yana amai yana suma bayan buguwar kai. In jini ne ke taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, ba shekara goma ake magana ba, awoyi ne. Na ce mata, "'Yata, miƙa takardar nan yanzu. Ki ce wa mai ɗaukar hoton ya sa ma'aunin yara, kai kaɗai, sau ɗaya." Na hau babur na same su.

Hoton ya nuna tsagewa a ƙashin gefen kai da ɗan jini siriri a ƙarƙashinsa. Likitocin ƙwaƙwalwa suka ce bai kai na tiyata ba, amma ba za a sallame shi ba. Aka kwantar da shi, nas na zuwa kowace awa tana haska idonsa da tocila tana kiran sunansa. Washegari suka nemi a sake hoton don a ga ko jinin ya ƙaru. Wannan karon yarinyar da kanta ta tambayi likitan me zai yi in ya ƙaru, ya ce ɗakin tiyata za su wuce, sai ta tura keken da hannunta. Bai ƙaru ba. Kwana biyar suka yi aka sallame su.

Malam ya zo dubiya a rana ta uku, muka tsaya a baranda. Bai janye ra'ayinsa ba, har yanzu yana ganin wata rana bincike zai gaskata homesis, kuma yana turo mini abin da ya karanta, ina karantawa ina ba shi amsa. Abin da ya daina shi ne cewa ɗan'uwansa ya yi hoto don ƙarin lafiya. Yarinyar kuma ta sayi jakar roba mai zif a Sabon Gari, ta zuba faya-fayan mahaifinta uku da na ƙaninta biyu, ta manna takarda a bayanta ta rubuta sunan kowa da ranar da aka yi hoton da sashen jikin da aka ɗauka. Jakar tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin Hajiya. Alhaji kuma yanzu akwai jarkar ruwa mai lita biyar a rumfarsa, yaron shagonsa ke cika ta kowace safiya.